Kawu da Farantin da Ya Roƙo wa Kansa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, malamin gona ne. Haka aka rubuta a takardar ɗaukarsa aiki, haka kuma mutanen garin suke kiransa, ko da yake a shekara goma sha tara da ya yi a cikinsu babu wanda zai iya rantsewa ya taɓa ganin laka a takalminsa. Gajere ne, mai tsabta, mai son farar riga da biro uku a aljihun gaba. In yana tafiya sai ya goya hannuwa a baya, yana leƙen gonakin mutane daga kan hanya yana girgiza kai, kamar likitan da aka kira bayan mara lafiya ya riga ya cika.

Garin yana cikin kwari, duwatsu sun yi masa zobe. Waya ba ta kamawa ko ɗigo. Kamfanonin waya sun turo mutanensu sau biyu, suka dudduba, suka sha ruwa, suka ce kafa ƙarfen sabis a nan ba zai fitar da su ba. Mai son kira sai ya hau babur ya yi tafiyar awa biyu zuwa wata tsohuwar gada, ya tsaya a tsakiyarta ya ɗaga waya sama kamar mai shanya ta. In ya yi sa'a ta kama, ya yi ihun minti uku ya juyo gida.

Ni an turo ni garin ne in koyar da lissafi a firamare, Kawu ya ba ni ɗakin ƙofar gida. Shekara huɗu muna cin abinci a kwano ɗaya, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Ofishinsa ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano a gefen kasuwa. Akwai tebur, da kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa, da kabad na ƙarfe da makullinsa ya ɓata tun kafin zuwana, da kalandar wani kamfanin iri ta shekara takwas baya, wadda Kawu ya ƙi cirewa saboda hoton masarar da ke jikinta yana ba ofishin kwarjini. A bayan ƙofa akwai dogon benci da matashi, kuma nan ne ainihin wurin aikin. Yakan buɗe ofis da ƙarfe tara, ya sha shayi, ya kunna rediyo, ya miƙe a bencin yana abin da yake kira nazari har azahar. A gaban ofis akwai ma'aunin ruwan sama, wani gwangwani mai mazurari a kan turke, wanda aka ce ya riƙa dubawa kowace safiya yana rubutawa. Kajin maƙwabta ne suke duba shi. In wata ya ƙare sai Kawu ya zauna da fom ɗin, ya kalli rufi, ya ce da ni, "Ɗana, ran sha biyu ga wata an yi ruwa kuwa?" In ce ban tuna ba. Ya ce, "Ai kamar an ɗan yi yayyafi," ya rubuta.

Manoma sukan zo masa da matsala, shi kuwa amsa ɗaya gare shi: ƙasa ce ta gaji. Ganye ya yi rawaya, ƙasa ce ta gaji. Tsutsa ta huda kara, ƙasa ce ta gaji. Wani ya taɓa kawo ƙarar awaki sun shigar masa gona, Kawu har ya ce "ƙasa ce" kafin ya farga. In an matsa masa da tambaya sai ya ja dogon numfashi, ya nuna sama da biro. "Da akwai sabis a garin nan, da yanzu na tambayo maka manyan masana. To amma ka ga halin da aka bar mu a ciki."

Wannan magana ita ce jarinsa. Rahoto ya makara wata uku, babu sabis. An yi taro a hedkwata bai je ba, saƙo bai iso ba. Sau biyu aka so a mayar da shi birni, sau biyu ya rubuta cewa lamirinsa ba zai bar shi ya gudu ya bar talakawa cikin duhu ba. A hedkwata har misali ake yi da shi wajen sadaukarwa, tunda babu wanda ke da zuciyar ya sha wannan hanya ya zo ya gani.

Matarsa, wadda muke kira Inna, tana birni da yara, tana da shagon ɗinki. Kawu yakan je musu sau ɗaya a wata, kuma kullum da tsohuwar riga yake tafiya, ya shiga gida yana dafa ƙugu. Duk lokacin da ta ce za ta zo ta ga inda yake zaune, sai ya ce, "Ke da ba kya iya wuni ba ki ji muryar 'yarki ba? Wurin da ko gaisuwa ba ta fita? Bari ni kaɗai in sha wahalar." Ta yi ta tausaya masa, ta cika masa jaka da madara da sukari da sabulu mai ƙamshi.

Abu ɗaya Kawu ya iya da gaske, ba zan tauye masa ba: rubutu. Kowace shekara, farkon damina, yakan zauna kwana uku ya rubuta wasiƙar koke a kan rashin intanet. Yana gamawa sai ya tara mu a gaban ofis ya karanta mana, da ni da mai gari da duk wanda ya zo wucewa. A ciki akwai manomin da amfaninsa ke ruɓewa don bai san farashin birni ba, da mai naƙudar da babu hanyar kira mata likita, da ɗalibin da bai taɓa ganin teku ko a hoto ba. Duk gaskiya ne kuwa. Sai kuma ya jera abubuwan da shi kansa zai yi ranar da aka kawo intanet: rahoto kowane mako, horar da manoma kowace Laraba, gonar gwaji da za a riƙa nuna wa duniya. Yakan yi kwafi goma sha biyu ya aika ma'aikatu da ƙungiyoyi, ya dawo ya kwanta a benci da kwanciyar hankalin wanda ya san babu mai karantawa.

Wata Talata da hantsi farar mota ta shigo gari da akwatuna a bayanta. Wata mata ta sauko, doguwa, da takalmin aiki da hular kwano a hannu, ta tambayi ofishin malamin gona. Kawu ya tashi daga nazari da shatin matashi a kumatu.

"Baba, kai ne ka rubuta wannan?" Ta miƙa masa takarda a cikin leda. Wasiƙarsa ce ta bara.

"Ni ne, 'yata. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ni injiniya ce. An karanta ta a babban taro, Baba, har da masu share hawaye. Ƙungiyarmu ta zaɓi garuruwa ashirin da za a sa wa intanet ta tauraron ɗan'adam, naku ne na farko. Saboda kai."

Ina tsaye a wurin, na fito da 'yan aji shida awon fili. Na ga fuskar Kawu ta yi abin da ban taɓa ganin fuska ta yi ba: baki yana murmushi, idanu suna neman ƙofar gudu.

"Madalla, madalla," in ji shi. "Sai dai kash, 'yata, kin sha hanya a banza. Duwatsun nan ba sa barin komai ya shigo. Manyan kamfanoni sun gwada."

"Su daga gefe suke harbowa, shi ya sa dutse ke tare su. Namu daga sama yake saukowa. Muddin farantin yana ganin sararin sama, shi ke nan."

"Ba mu da wutar lantarki."

"Mun zo da sola da batir."

"Iskar garin nan fa? Bara ta ɗauke rufin makaranta."

"Za mu ɗaure shi da ƙusoshi takwas."

"Tsawa?"

"Akwai maganinta a akwati na biyu. Baba, ina za mu sami tsani?"

Kafin la'asar an gama. Abin ma ba shi da wani girma, faranti ne fari mai kusurwa huɗu, bai fi tiren shayi ba, aka kafa shi a kan rufin ofishin Kawu, daidai saman bencinsa. Aka ja waya zuwa wani ɗan akwati mai fitila a kan tebur, aka sa wani a asibiti, wani a makaranta. Injiniya ta rubuta kalmar sirri da alli a jikin bango don kada wani ya mayar da ita gadon gidansu. Washegari aka kafa rumfa da kujerun roba, aka ba Kawu lasifika. Ya yi jawabin awa guda, ya ce yau burinsa na shekara goma sha tara ya cika, ya fashe da kuka. Mutane suka yi ta tafi. Ni kaɗai na san kukan na gaske ne.

Makon farko gari ya rikice. Tsofaffin da suka shekara ba su ga 'ya'yansu ba suka yi layi a gindin bangon ofis suna kiran bidiyo, kowa yana ihu a fuskar wayarsa kamar har yanzu a kan gada yake. Masu albasa suka ji farashin birni da kunnensu, dillalin da ya saba zuwa da labarin kasuwa ta faɗi ya zo ya koma da motarsa wayam. Malamar asibiti, wadda ita ce nas, ita ce ungozoma, ita ce mai ba da magani, ta samu likita a birni da take tura wa hoto ya ba ta amsa kafin ta gama wanke hannu. Ni ma na yi wa ɗalibaina rajistar jarrabawa ina zaune a aji, abin da a da sai na kwana biyu a hanya.

Wayar Kawu kuwa, tun da ta kama, ta shiga amai. Saƙonnin shekaru, waɗanda ko ya je birni kashe waya yake yi don kada su same shi, suka riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya, tana ƙara kamar kaza mai shirin ƙwai, har ta yi zafi ya sa ta a aljihun tebur ya rufe. Ran Alhamis ta yi wata ƙara daban. Darakta ne daga hedkwata, kiran bidiyo.

"Malam! Yau dai ga ka ga ni. Barka da arziki."

"Ranka ya daɗe, barkanmu dai."

"Na sa an fito mini da wasiƙarka. Rahoto kowane mako ka ce, ko? Mun amince. Horarwa kowace Laraba, mun amince, ka riƙa turo hoto. Yanzu ɗan zagaya da wayar ka nuna mini gonar gwaji."

"Tana da ɗan nisa, ranka ya daɗe."

"A rahotonka ka ce tana bayan ofis."

Bayan ofis akwai juji da tsohuwar tayar tarakta. Kawu ya ce hoton yana yankewa, ya shiga cewa "Alo? Alo?" yana jijjiga wayar. Darakta ya ce, "Ni ina ganinka tar, Malam. Har matashin da ke bayanka ina gani." Sannan ya ƙara da cewa wani yaron ofis ya gwada lissafin ruwan saman Kawu da hotunan tauraro, ya ga akwai ranakun da Kawu ya auna ruwa mai yawa alhali ko gajimare bai gifta ta kan garin ba. "Ko dai wani ne yake zuba maka da buta?"

Wannan bai kai na Iya mai tumatir ciwo ba. Tsohuwa ce da ke da lambu a bakin rafi, shekara uku tumatirinta yana mutuwa tsaye, shekara uku Kawu yana gaya mata ƙasa ce ta gaji. Jikarta da ke karatu a birni ta ce ta ɗauki hoton ganyen ta turo. Bayan kwana biyu aka dawo mata da amsa daga wata malamar jami'a: wata ƙaramar tsutsa ce ke shiga cikin ganyen, ga sunan maganin, ga yadda ake fesawa. Iya ta taho ofis ranar kasuwa, lokacin da ya fi cika, ta ajiye ganyen a kan teburinsa.

"Malam, na zo in yi maka albishir. Ƙasata ta huta."

"Iya, ai abin da nake..."

"Tsutsa ce. Ga ta nan, buɗe ganyen ka gaisa da ita, tunda shekara uku kuna aiki tare ba ku san juna ba."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Iya ba ta gama ba. Ta ce jikar tata ta kuma gano a shafin ma'aikatar cewa shekara shida da suka wuce an ba manoman rafin garin nan injin ban-ruwa, har da hoton wanda ya karɓa, da farar riga da biro uku. Kowa ya san injin. Yana lambun Kawu na bayan gari, inda wani mutum yake noma masa albasa su raba.

"Gwada shi ake yi," in ji Kawu. "Ba a ba jama'a inji sai an tabbatar da lafiyarsa."

"Shekara shida? To Allah ya ba shi lafiya."

Sai kuma Inna. Ita ma ta koyi kiran bidiyo. Ta kira shi wata Asabar da rana, ya manta ya ɗauka yana kishingiɗe a ɗakinsa. Ta bi ɗakin da kallo: katifa mai kauri, labule, fankar sola tana kaɗa masa, kofin shayi da madararta a ciki.

"Malam, wannan ɗakin waye?"

"Na... na baƙi ne."

"Kai ne baƙon? Juya wayar in ga wahalar."

Bayan kwana tara mota ta sauke ta da keken ɗinki da akwati huɗu. Ta ce tunda yanzu ana jin muryar 'yarta daga nan, kuma masu ɗinki suna iya turo mata awo ta waya, ba ta ga abin da zai hana ta zo ta taya mijinta shan wahala ba. Ta kafa keken a ɗakin fankar. Tun daga ranar ƙarfe bakwai take tashinsa, ta ce ma'aikaci ba ya kai hantsi a gida.

Kawu ya rame. Ya fara yaɗa magana a hankali, a wurin mai shayi, cewa shi dai ya lura tun da aka kafa farantin nan kaji sun rage ƙwai. Mai shayi ya ce nasa sun ƙara. Ya ce yana jin farantin ne yake kore hadari. A makon aka yi ruwa kwana uku a jere, na gaske, har ya cika gwangwanin awo. Ya ce da mai gari abin nan zai lalata tarbiyyar matasa. Mai gari ya ce zai duba maganar, amma ya ɗan dakata, yana kallon kokawa a waya.

Ran da abin ya faru Litinin ce, da tsakar rana, lokacin da zafi ya kora kowa inuwa. Darakta ya sa ƙarfe biyu a matsayin lokacin da Kawu zai nuna masa gonar gwaji, ba sauran uzuri. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi Kawu ya jingina tsani a bayan ofis, ya hau da babban bahon wanki na Inna, ya kifa shi a kan farantin, ya ɗora dutse. Intanet ta ɗauke a gari gaba ɗaya.

Abin da bai sani ba, a daidai lokacin malamar asibiti tana kan waya da likita. Matar makanikin babura ce take naƙuda tun asuba, jaririn ya zo ba daidai ba, likitan yana gaya mata inda za ta sa hannu da abin da za ta yi, tana bi a hankali. Yana tsakiyar magana hoton ya tsaya. Ta kira, ta sake kira, shiru. Ta bar matar a hannun mai taimaka mata, ta fito da gudu da safar hannu, ta nufi ofis ta ga ko batir ne. Tana zagayowa baya ta ga tsani, ta ɗaga kai ta ga Kawu a tsugune kusa da baho.

Ni ma ɗaukewar ce ta fito da ni daga aji, don haka na ji komai.

"Malam, cire shi."

"Rana ce nake kare masa, Malama, kada ya..."

"Cire shi yanzu! Akwai rai biyu a hannuna!"

Ban taɓa jin murya irin wannan daga bakinta ba. Kawu ya ture dutsen, ya ɗage bahon. Ta tsaya tana kallon wayarta har ta ga ta kama. Sannan ta kama tsanin da hannu biyu, ta janye shi, ta kwantar a ƙasa.

"Zauna nan ka kare masa ranar da kanka. In matar nan ta tashi, a sauko da kai. In ba ta tashi ba, ka nemi wanda zai sauko da kai." Ta juya gare ni. "Kai kuma malamin lissafi, ka taɓa tsanin nan ka gani."

Ban taɓa ba. Ina son Kawuna, amma na ga idonta.

Awa biyu da wani abu ya yi a kan rufin kwano da rana tsaka. Da farko ya tsuguna, da kwanon ya gasa masa ƙafa ya zauna a cikin bahon, ya rungume gwiwoyi. Mutane suka taru. Babu wanda ya zage shi, abin da ya fi zagi suka yi: kowa ya ciro waya. Makaniken yana tsaye a ƙasa da sifana a hannu, kallonsa kawai yake yi. Ƙarfe biyu daidai wayar Kawu ta yi ƙara a aljihu. Sabis a kan rufin kuwa ba a magana. Bai ɗauka ba. Inna ta zo ta tsaya ta yi masa kallo ɗaya, ta ce, "In ka sauko ka taho mini da bahona," ta koma.

Wajen ƙarfe huɗu aka ji kukan jariri daga asibiti. Mace ce, uwar ma ta tashi. Makaniken ya ajiye sifana, ya share fuska da hannun riga, shi da kansa ya ɗaga tsanin ya jingina. Da Kawu ya sauko, ya buɗe baki zai yi magana. Makaniken ya ce, "Malam, kada ka ce komai. Ka tafi gida kawai."

Kwana huɗu Kawu bai fita ba. Da ya ga ni kaɗai ne a ɗaki ya ce, "Ɗana, wallahi ban san tana kan waya ba." Na ce na sani. Ya ce, "A wasiƙar ma na rubuta maganar mai naƙuda. Ni na rubuta da hannuna." Na ce haka ne.  A rana ta biyar ya ɗauki hayar amalanke ya kai injin ban-ruwa bakin rafi, ya sanar cewa gwaji ya kammala, injin ya ci jarrabawa. Iya mai tumatir ta ce a yi masa barka.

Daga nan ya zauna ya rubuta wasiƙa mafi gajarta a rayuwarsa. Ya roƙi Darakta ya mayar da shi wani ƙauye can bayan duwatsu, inda mota ba ta zuwa sai da rani, ya ce aikinsa a nan ya ƙare, can ne talakawa suka fi bukatarsa. Ya tura ta waya, amsa ta dawo kafin shayinsa ya huce. Hoton baho ya riga ya isa hedkwata, amma wani ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa jami'i ne ya hau rufi da tsakar rana yana gyara wa jama'a intanet, Darakta kuma ko dai ya yarda, ko ya ga yarda ta fi masa sauƙi. Ya ce irin wannan kishi bai kamata a ɓoye shi a ƙauye ɗaya ba. An naɗa Kawu jami'in wayar da kai na shirin. Zai riƙa bin injiniya zuwa sauran garuruwa goma sha tara, ya yi jawabi, ya nuna wa ma'aikatan can yadda ake tura rahoton mako.

Shekara biyu ke nan yana kan hanya. Ya yi baƙi, tumbin ya tafi, biro ɗaya ya rage a aljihu. Injiniya ba ta san hutu ba, ba ta kuma yarda wani ya sani ba. Saboda manoma suna tare shi da tambaya a ko'ina, ga waya a hannunsu da za su gwada amsarsa, dole ta sa ya fara karatu, yanzu ya san sunan tsutsa har bakwai. A garinmu an turo wata sabuwar malamar gona, ta fitar da bencin waje masu jira suna zama. Inna ta ƙi komawa birni, ta ce iskar nan ta karɓe ta.

Da ya zo hutu watan jiya ya ba ni labarin gari na goma sha huɗu. Ya ce bayan ya gama jawabi ana ta tafi, shugaban makarantar garin, wani dattijo mai ƙiba da carbi, ya ja shi gefe bayan rumfa, ya riƙe masa hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, tsakaninka da Allah, me muka yi maka? Shekara ashirin da biyu ina zaune lafiya a garin nan."

Na ce, "Kawu, me ka ce masa?"

"Me zan ce? Na tambaye shi ko yana da abin da ya karɓa da sunan jama'a yake gwadawa. Ya ce akwai kwamfuta goma a ɗakin matarsa. Na ce ya fito da su kafin Alhamis, ranar da hedkwata take kira."